Wasiƙa Zuwa Kumasi: Maganin Sikilar da Ka Ji Labari

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Kano alhamdulillahi, sai dai zafi da tsadar kaya.

Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko da gaske ne Turawa sun samo maganin sikila, har kana cewa ko dangi su fara haɗa kuɗi saboda 'yar wajen ƙanwarka. Da gaske ne. Amma ka tsaya ka ji yadda abin yake kafin ka sa wa iyayenta rai.

Sunan maganin Casgevy. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, ta Amurka ta biyo baya a Disamba. Ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya. Ka san ɗan tayi a cikin uwa yana da nasa irin sinadarin jinin, wanda ba ya barin ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Bayan haihuwa jiki yakan daina yin sa a hankali, shi ya sa za ka ga jariri mai sikila ya yi wata biyar ko shida lafiya lau kafin hannu da ƙafa su fara kumbura. To, masu binciken wancan jinin na jarirai suka sake tayarwa. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a gyara su a ɗakin gwaji da fasahar gyara ƙwayoyin gado mai suna CRISPR, wadda saboda ita aka ba Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020. Daga nan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don ya share masa ɓargo, sannan a mayar masa da gyararrun. Makonni zai yi a kwance, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, wani ma ya rasa haihuwa. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara cur ciwon bai tashi musu da tsanani ba. Duk wanda ya taɓa kwana a kan mai sikila yana kukan ƙashi ya san girman wannan.

Kuɗinsa fa? Lokacin da aka amince da shi a 2023, dala miliyan 2.2 aka sa ga mutum ɗaya a Amurka, kuma aka ce sai wanda ya kai shekara 12. Ko duk zangon Kumasi ne suka yi karo-karo, ba na jin za a je ko'ina. Alhali Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. Raina yakan sosu idan na tuna wannan, ba zan ɓoye maka ba.

Wanda na fi so ka kai wa ƙanwarka shi ne binciken da aka yi a nan gida. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi aiki a kan shanyewar ɓarin jiki, wadda ke kama yara masu sikila tun suna ƙanana. Ana ɗora wata na'ura a gefen kan yaro, kusa da kunne, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wanda aka ga nasa ya yi gudu da yawa, shi ne ke cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro duk wata, mu kuwa ina jinin yake? Sai suka gwada tsohuwar ƙwayar nan hydroxyurea, kuma sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna ɗan kaɗan ma yana kare yaro kamar yadda matsakaicin awo ke yi. Wannan talaka zai iya tunkara. Don haka ta tambayi likitan yarinyar a asibitin Komfo Anokye ko an yi mata wannan awon gudun jinin, da kuma ko ta dace da ƙwayar. Kada dai a saya a kemis a ba ta haka kawai, domin sai ana duba jininta lokaci-lokaci.

Kada kuma a yi sake da gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro ba ya raga wa mai sikila. A nan ma akwai labari mai daɗi: rigakafin R21 na Jami'ar Oxford, wanda aka gwada a Nanoro ta Burkina Faso, ku Ghana ne kuka fara amincewa da shi a 2023. Mu sai Disamban 2024 aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa. Kowace allura 'yan daloli ce.

Af, ga wani da na san zai yi maka daɗi, tunda kai mayen tsofaffin takardu ne. Akwai naɗaɗɗun littattafai da aman wutar dutsen Vesuvius ya mayar gawayi a garin Herculaneum na Italiya tun shekara ta 79 miladiyya, da an taɓa su sai su ruguje. A 2024 wasu matasa uku suka ci kyautar dala 700,000 bayan sun karanto wani sashe na ɗaya daga ciki da hoton na'ura da kwamfuta, ba tare da an warware shi ba. Marubucin ashe zancen jin daɗi yake yi, har da kiɗa da abinci. Nan take na tuna gafakar kakanka da gara ta fara ci. Don Allah in ka zo gida ka sa a ɗauki hoton takardun ajamin nan shafi-shafi.

Ka gaida ƙanwar taka, ka ce muna yi wa yarinyar addu'a, Allah ya ba ta lafiya. Ka sanar da ni abin da likitan ya ce.

Naka,
amininka na Kano.