Gam ɗin gilashi ba ya riƙe akirilik

Edita,

Ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu kiwon kifin ado, musamman waɗanda suka ƙudura haɗa akwatin kifi da hannunsu. Na haɗa guda uku da akirilik, robar nan mai garai-garai da ake sayarwa da sunan Perspex ko Plexiglas, kuma na farkon ne ya koya mini hankali.

Abin da ya ja ni gare shi a fili yake. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, ɗan bugu ba ya tarwatsa shi, kuma huda shi don zura bututu ba shi da wuya. Sai na ɗauka aikinsu ɗaya da gilashi, na bi kusurwoyi na shafe da silikon, gam ɗin da ake haɗa gilashi da shi. Dare na uku na taka ruwa a tsakar ɗaki, kifayena suka kwana a bokiti. Silikon yana kama gilashi gam, amma a jikin akirilik zama kawai yake yi, ko da farce sai ka ɓare shi.

Shi akirilik narka bakinsa ake yi. Akwai ruwan haɗi na musamman, irin su Weld-On 4, tsinkakke kamar ruwan sha, wanda ke narkar da fuskokin biyu har su zama jiki ɗaya. To amma ba ya cike gurbi, kuma nan ne aikin yake. In zarto ya bar haƙora a bakin fallen akirilik ɗin, kowane haƙori sai ya zama kumfa a cikin haɗin, kowace kumfa kuwa rauni ce. Na biyun da na yi, yini guda na ɓata ina kankare bakuna huɗu har suka miƙe sumul, kuma ban yi da-na-sani ba. Kada kuma a bi bakin da wuta don ya yi sheƙi kafin haɗi. Da ruwan haɗin ya taɓa wurin sai ka ga ƙananan tsage-tsage sun bazu kamar saƙar gizo.

Yadda nake yi: na jera siraran allurai tsakanin falle da falle, su ɗaga shi ɗan kaɗan, na tsiyaya ruwan da sirinji ya bi gurbin da kansa, na ƙirga kamar daƙiƙa 30, sannan na zare alluran fallen ya zauna. Warin ruwan nan yana hawa kai, kuma guba ne, don haka a waje nake yi, da safar hannu. Takardar da ke jikin fallen kuma ba na ɓare ta sai daidai inda zan haɗa.

Maganar kauri ita ce mutane suka fi yi wa rowa. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ce. Akwatina na uku tsawonsa santimita 100, faɗi 40, zurfi 50, wato lita 200, kilo 200 ke nan tun ba a zuba yashi da duwatsu ba. Zurfin ruwa ne ke ƙara matsi a bango, shi kuwa akirilik yana lanƙwasa, sai ka ga akwati ya yi tumbi. Na sa milimita 12, na kuma ɗaure saman da madauri kewaye. A wurin saye, a nemi wanda aka zuba a mazubi, ya fi wanda inji ya matso jure ruwan haɗi. Ƙasan akwatin kuma dole ya zauna gaba ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen katako, ba a gefe-gefe kawai ba.

Ba zan ɓoye aibinsa ba: yana ƙarzuwa da wuri. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin soso ta ja mini layi a gaban akwatin, har yau idona can yake fara sauka, ko da yake ana iya goge shi da takardar yashi mai laushi. Sabulun goge taga mai amoniya da sifirit ma ba sa shiri da shi.

Yanzu in na gama haɗi, mako guda nake barinsa ya bushe, sannan in cika shi da ruwa a waje, in shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, in sa ido na kwana uku. Jaridarku ce ma nake shimfiɗawa, Edita, bayan na karanta.

Naka,
Wani mai kiwon kifin ado