Barcin rana ba lalaci ba ne ga mai aikin dare

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu kwana a bakin aiki: masu gadi, ma'aikatan jinya, direbobin manyan motoci da irina masu gasa burodi.

Shekara tara ke nan ina shiga aiki ƙarfe goma na dare, in tashi bayan sallar asuba. Watan jiya, ina kan mashin zan koma gida Pantami, gyangyaɗi ya kwashe ni. Ban farga ba sai da tayar gaba ta faɗa kwata. Allah Ya kiyaye, gwiwa kawai na kurje. A asibiti aka auna jinina, aka ga ya hau, 160 bisa 100, ni da ko ciwon kai ban cika yi ba.

Likita ya fahimtar da ni cewa jiki yana da nasa agogo. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin da ke kawo barci, haske kuma yana danne shi. Wanda ya daɗe yana juya wannan agogo ya fi kusa da hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon zuciya. A 2019 ma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake kallon barcinmu. Ka kwanta da hantsi, ga zafin Gombe, babu wuta, yara na ta guje-guje, maƙwabci ya yi sallama a tashe ka don "ai rana ta yi". A da awa uku nake samu, alhali baligi na buƙatar aƙalla bakwai. Da dare sai in cike giɓin da goro, Nescafé, da Indomie da ƙwai ƙarfe uku.

Yanzu daga ƙarfe biyu na dare ba na taɓa goro ko kofi, ruwa nake sha. Na rataya baƙin labule mai kauri, ina kashe waya, uwargida kuma ta san ba a tashina sai azahar. In ido ya yi nauyi, keke napep nake hawa, in bar mashin a wurin aiki.

Masu gidajen burodi, don Allah ku raba mu rukuni biyu, kada mutum ya jera dare bakwai babu hutu. Ku kuma abokan aikina, awon jini ba ya cin minti biyar, ko a kemis ana yi. Mu shida ne a gaban tanda, ni kaɗai na taɓa aunawa.

Daga mai gasa burodi,
Pantami, Gombe.