Wasiƙa zuwa ga Malam Bala a kan maƙabartar bayan ganuwa

Assalamu alaikum Malam Bala,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambayi yadda ake samun wuri a tsohuwar maƙabartar nan ta bayan ganuwa, inda kakanninku suke. Nan ba kamar Ingila ba ce, ba a sayen fili a ajiye. Ƙasar waƙafi ce, masu haƙa kawai ake sallama, sai kuɗin itace.

Kowa na son a sa nasa kusa da iyaye, amma tsohon ɓangaren ya cika. A fiƙihunmu na Malikiyya ba a tone kabari muddin da sauran mai shi a ciki, don haka in diga ta taɓa ƙashi sai a mayar, a rufe, a matsa gaba. Kada ku matsa wa masu haƙa, sun fi kowa sanin inda akwai mutum ko da tudun ya baje. In ba wuri, ku karɓi sabon ɓangaren. Binnewa a cikin gida, kamar yadda aka yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris a fada a 2020, al'adar sarakuna ce da manyan malamai. Ban so muku ita, domin gida gado ne, ana raba shi, ana sayarwa. Kai gawa ƙauye kuwa jinkiri ne, ga zafi.

Da an yi rasuwa a aika wa masu haƙa da awo, karan dawa daidai tsawon mamaci. Kabari kudu da arewa yake, kai a kudu, a kwantar da shi a hannun dama, fuska na duban alƙibla. Ana fara haƙa uwa mai faɗi, sannan ɗa a tsakiyarta, matsattse daidai jiki. Kafaɗar da ta rage a gefe biyu ita ke ɗaukar itace, kuma nan ne aiki ke lalacewa. In kafaɗar ta yi siriri, ruwan Agusta na jiƙa ta sai ta zube, kabarin ya rufta. Itacen ma a nemi ƙirya ko marke, gara ba ta saurin cin su. A jera su manne da juna, a toshe kafofi da ganye, a shafe da kwaɓaɓɓen laka kafin a tura busasshiyar ƙasa. Tudun kamar taƙi ɗaya ya isa.

Da rani marmara kan yi tauri, sai an zuba ruwa kafin diga ta ci, saboda haka kada ku sa lokacin salla kafin ku ji daga masu haƙa. Da damina kuma ku guji gangare da hanyar ruwa, ko da nan ne kusa da Baba.

A gaishe da mai ɗaki da yara. Allah ya sa mu cika da imani.

Naka,
Garba, Tudun Wada, Zariya