Zinarenmu zai iya taimaka mana gano guba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare a Gusau, kuma ina neman fili in yi magana kan zinare, amma ba ta fuskar kuɗi ba.

Jan layin nan da ke fitowa a 'yar sandar gwajin zazzabin cizon sauro, a yawancinsu ƙurar zinare ce. Idan zinare ya ƙanƙance ya koma 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai ya bar launin rawaya ya koma ja a cikin ruwa.

Wannan ƙurar tana da wani aikin da ya fi wannan. A 1928 masanin Indiya C.V. Raman ya gano cewa idan aka haska sinadari, ɗan kaɗan daga hasken da ya tarwatse yana sauya launi, kuma kowane sinadari da irin nasa sauyin, tamkar zanen yatsa. Ya samu kyautar Nobel a 1930. Matsalar ita ce alamar tana da rauni ƙwarai. A 1974 aka lura a Southampton ta Ingila cewa alamar na ƙaruwa idan sinadarin ya manne a jikin azurfa mai kaushi. Yau da ƙurar zinare ko azurfa da hasken leza (wani siririn haske mai ƙarfi) ana ninka ta sau miliyan, har fiye.

To me ya shafe mu? A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwarin da muke kira fiya-fiya. Duk biyun abubuwa ne da ido ba ya gani, amma wannan dabarar za ta iya taimakawa wajen gano su.

Kada wani ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Dalma ita kaɗai ba ta ba da alamar Raman, sai an lulluɓe ƙurar da abin da zai cafke ta, a karanta sauyin da ya samu. Nan folima ke shigowa, wato sinadarai masu dogon jeri irin na leda da auduga da sitaci. Su ke hana ƙurar dunƙulewa, su riƙe ta a kan takardar gwaji. Ƙasar rijiya da ruwan tafki kuwa cike suke da tarkacen da ke rikita awo, shi ya sa nake ganin dole a gwada dabarar da namu ruwan, ba na Turai ba.

Ina kira ga gwamnatin jiha da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, su tallafa wa Jami'ar Tarayya ta Gusau da na'urar Raman ta hannu, da kuɗin ɗaliban da za su je Bagega, ƙauyen Anka da gubar dalmar ta shafa, su ɗebo ƙasa da ruwa su auna.

Naka,
Malamin kimiyya,
Tudun Wada, Gusau