Itanol daga kara: inda aikin selulosom ke cijewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi bayani kan zancen da ake yawan yaɗawa, wai an kusa fara zuba kara da ɓuntun shinkafa a tanki bakteriya ta mayar da su makamashin mota, wato itanol, ta hanyar tarin enzayim da ake kira selulosom. Akwai ƙanshin gaskiya a zancen, sai dai masu yaɗa shi suna tsallake wurin da wahalar take.

Busasshen kara, kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari nasa selulos ne, kashi 20 zuwa 35 hemiselulos, yawancin ragowar kuma lignin, sinadarin da ke sa kara tauri. Selulos sarƙar sukarin gulukos ce zalla, amma sarƙoƙin sun manne da juna tamau, ko ruwa da ƙyar yake ratsa su. Sai an kwance su sun koma sukari kafin yis ko bakteriya su mayar da shi itanol. Enzayim, wato furotin da ke yin wannan kwancewar, guda ɗaya ba ya iya kwance su. Sai an sami mai tsinka sarƙar daga tsakiya, da mai bin bakin da aka tsinka yana gutsuro sukari biyu-biyu, wato selobiyos, sannan mai raba biyun nan.

A 1983 Raphael Lamed da Edward Bayer a Isra'ila suka gano cewa bakteriyar Clostridium thermocellum ba ta sakin waɗannan enzayim kowa ya kama gabansa. Tana jera su a kan wani dogon furotin mai suna CipA, wanda ke da gurabe 9 da ake kira kohesin. Kowane enzayim yana da ɗan wutsiya mai suna dokarin da ke shiga gurbin kamar filogi a soket. A jikin CipA kuma akwai wani sashe da ke liƙewa a kan selulos, shi ya sa duk tawagar take aiki a wuri guda. Wannan tarin shi ne selulosom.

Tun farkon shekarun 2000 masana ke ƙera nasu selulosom ɗin. Dokarin na wata bakteriya galibi ba ya shiga kohesin na wata, to sai a ɗauko kohesin daga jinsi daban-daban, a haɗa su a ginshiƙi ɗaya, a sa bakteriyar E. coli ta samar da furotin ɗin, a tace shi. Kowane enzayim a liƙa masa dokarin da ya dace da gurbin da ake so ya zauna. Daga nan a gauraya su daidai wa daida a ruwan da ke da kalsiyam. In babu kalsiyam, ko an bar sinadarin EDTA a ruwan ya kame shi, dokarin ba zai naɗe yadda ya kamata ba, enzayim ɗin sai ya zame. In ginshiƙin ya yi tsawo da yawa, yakan fito a guntule ko a dunƙule. Kuma ƙirarren selulosom mai enzayim uku ko huɗu sau da yawa ba ya kamo na asali a kan ainihin kara.

Ko an yi nasarar haɗa shi, selobiyos da yake taruwa yana kashe ƙarfin Cel48S, enzayim ɗin da ya fi yawa a tarin, sai an ƙara mai raba selobiyos a gefensa. Lignin kuma yana kama enzayim ya riƙe, ba aiki ba dawowa. Don haka ake fara dafa karan da ruwan asid na salfa mai rauni, kusan kashi 1 cikin ɗari, a zafin da ya kai digiri 160 ko fiye. Dafuwar tana buɗe karan, amma tana haifar da furfural da asid na asetik, waɗanda ke gurgunta yis, wanda shi ke mayar da sukarin itanol. Ga kuma saɓanin zafi: bakteriyar Clostridium ta fi son digiri 60, yis kuwa 30 zuwa 35. In aka bar bakteriyar ta yi itanol da kanta, ba ta cin sukarin zailos da ke cikin hemiselulos, tana ɓata wani kason wajen yin asetet da laktet, kuma ta asali, wadda ba a sauya wa halitta ba, takan raunana tun itanol bai kai giram 20 a lita ba, alhali tace itanol daga ruwan ba ta biyan kuɗinta sai ya kai wajen giram 40.

Lissafin takarda ma yana da iyaka. Tan ɗaya na kara mai selulos kashi 40 zai ba da gulukos kilo 444, itanol kilo 226, wato kusan lita 287, in ba a yi asarar ko ƙwayar zarra ba. Masana'antar kamfanin DuPont a garin Nevada na jihar Iowa a Amurka, wadda aka buɗe a 2015 don yin itanol daga karan masara, an rufe ta a 2017.

Don haka, ya Edita, duk ranar da wani ya kawo muku labarin sabon selulosom, wakilinku ya tambaye shi: a kan ainihin kara aka gwada ko a kan tataccen selulos na ɗakin gwaji, giram nawa na itanol aka samu a lita, cikin awa nawa, kuma enzayim nawa aka kashe a kan kowane kilo na kara.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka