NEPU ba ta mutum ɗaya ba ce, a riƙa faɗin sauran

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki.

Na saurari shirinku na tarihin siyasar Arewa, wallahi na ji daɗi, amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Duk lokacin da aka zo maganar NEPU, tsohuwar jam'iyyar talakawa ta 'yan adawa a Arewa, sai a ce Malam Aminu Kano, shikenan a wuce. Malam kam Allah Ya ji ƙansa, ba mai ja da girmansa, to amma ranar 8 ga Agusta 1950 da aka kafa jam'iyyar a Kano shi yana koyarwa a Maru, sai 1953 ya zama shugabanta. Samari takwas ne suka faro abin, irin su Abba Maikwaru da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta da Bello Ijumu wanda ma Bayarabe ne daga yankin Kabba, yaran yanzu ko sunansu ba su taɓa ji ba.

Kuma su wa suka riƙe ta? Teloli, mahauta, 'yan koli, malaman zaure. Su ne 'yan doka ke kamawa don kawai sun yi lacca ba izini ko sun ƙi cire takalmi su faɗi gaban hakimi, a kai su gaban alkalin En'e (hukumar gargajiya ta sarakuna) a yi musu bulala a tura gidan yari, wasu a ƙara musu haraji da gangan har sai sun bar garinsu. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta, mace ce fa, tana neman mata su yi zaɓe a lokacin da ko ƙuri'a ba su da ita, kuma matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai 1976.

A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a Kano amma tsarin zaɓen hawa-hawa, inda wakilai ke zaɓen wakilai mataki-mataki, ya zubar da su kafin a kai majalisa. Mulki dai ba su taɓa riƙewa ba har soja suka rushe jam'iyyu a 1966, sai da jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci zaɓe a Kano da Kaduna a 1979 gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Don Allah Malam Edita ku tura wakilanku Fagge da Sabon Garin Zariya su nemi dattawan da suka rage da 'ya'yan waɗanda aka ɗaure, a naɗi muryarsu tun suna raye, ku ware musu shiri guda ko na minti 30 ne.

Naku mai sauraro kullum,
daga Kano