Zargin Safarar Hodar Ibilis Da Ake Wa CIA Da Amanar Manyan Jaridu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan abin da ke sa jama'a daina gaskata manyan jaridu, kuma hujjata daga Amurka zan ɗauko ta.

A watan Agustan 1996 ɗan jarida Gary Webb ya wallafa jerin rahotanni a jaridar San Jose Mercury News, inda ya ce wasu dillalan hodar ibilis 'yan Nikaragua, Danilo Blandon da Norwin Meneses, sun riƙa sayar da hodar a Los Angeles, wani kaso na ribar kuma yana zuwa ga 'yan tawayen Contra da ke yaƙar gwamnatin Nikaragua a wancan zamani, waɗanda hukumar leƙen asiri ta Amurka, CIA, ke ɗaure wa gindi. Maimakon su bi diddigin zargin, sai manyan jaridun Washington Post da New York Times da Los Angeles Times suka yi wa marubucin taron dangi. Lallai Webb ya zuzuta wasu abubuwa, musamman da ya ɗora wa waɗannan dillalai kaso mafi tsoka na annobar shan hodar da ta addabi unguwannin baƙar fata, don haka gyara masa ba laifi ba ne. Amma tun a 1989 kwamitin Sanata John Kerry ya riga ya bayyana cewa akwai masu safarar ƙwaya cikin masu taimakon Contra, jami'an gwamnatin Amurka kuma suna sane.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ya faru ne a 1998, lokacin da babban mai binciken cikin gida na CIA, Frederick Hitz, ya fitar da rahotonsa. Bai sami shaidar cewa hukumar ta shirya shigo da hodar da gangan ba, kuma ya kamata masu yaɗa hakan su yi hattara. Sai dai ya amince cewa hukumar ta ci gaba da hulɗa da mutanen da ake zargi da safarar, sannan ya tabbatar da wata yarjejeniya ta 1982 da Ma'aikatar Shari'a, wadda ba ta wajabta wa CIA kai rahoton safarar ƙwayar waɗanda ba ma'aikatanta ba. Jaridun da suka cika shafukan farko da sukar Webb ba su ba wannan rahoto rabin wancan fili ba, domin a lokacin hankalinsu ya koma kan badaƙalar alaƙar shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, da Monica Lewinsky. Webb kuwa tun 1997 ya bar aikinsa bayan editansa ya janye masa goyon baya, ya rasu a 2004.

Wassalam,
Wani mai karatu